Kilishin da Na Kai Banaras

Bombay ce ta fara koya mini cewa ni baƙo ne. Ina fitowa daga filin jirgi wani mai tasi ya karɓe akwatina yana murmushi kamar ɗan uwana, ya ce zai kai ni tashar jirgin ƙasa. Ya yi ta zagaye gari da ni, muka yi ta wuce wani gunki mai kan giwa har na fara gane shi, daga baya ya sauke ni a tashar da ba ita ba. Ban damu ƙwarai ba. Na ce a raina ko a Kaduna ana yi wa baƙo haka, kuma ni ba wurin mutanen Bombay na zo ba. Wurin Malam Tiwari na zo.

Bari in faɗi ko wane ne shi, don kada a ɗauka haka kawai na tsallaka teku da wauta. Sunana Ishaya, a unguwar Television ta Kaduna na tashi. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma dattijo a cocinmu. Malam Tiwari Ba'indiye ne da ya koya mana Fiziks a sakandare. Ya bar iyalinsa a ƙasarsu, yana zaune shi kaɗai a gidan malamai, kuma tun da ya ga kaina yana ja ya ɗauke ni kamar ɗa. Kusan kowace Lahadi bayan an taso coci sai ka ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gidanmu. Zuwansa na farko Mama ta dafa masa wake da alayyafo zalla, don ta ji an ce Indiyawa ba sa cin nama. Ya ci kaɗan yana satar kallon tsiren da ke gaban Baba. Can ya ce da Hausarsa mai karkata, “Baba, wannan akwai daɗi?” Daga ranar nan nama bai sake wuce shi a gidanmu ba, kilishi kuwa ko magana ba a yi.

Idan ya ƙoshi sai falsafa ta tashi. Ya taɓa jawo tulun Mama wanda babu ruwa a ciki ya ce, “Ishaya, sararin da ke cikin tulun nan da wanda ke waje, biyu ne ko ɗaya?” Na ce ɗaya ne, yumɓu ne kawai ya raba su. Ya ce to haka ran mutum yake da Ran da ya cika duniya, ni da shi da Mama da kazar da ke tsakar gida duk abu ɗaya ne, jiki ne yumɓun. Ya ce abin da na koya a aji, cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya halaka, kama kawai yake sauyawa, kakanninsa sun san shi tun kafin a ƙera ma'auni. Baba yakan girgiza kai ya ce, “Malam, ni dai bawan Allah ne, ban kai in ce ni da Shi ɗaya ba ne.” Ni kuwa ina ganin Baba bai waye ba. Na daina zuwa kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, na fara yi wa fasto tambayoyin da ba amsa nake nema ba. Na taɓa tambayar Malam yadda yake cin naman sa alhali addininsu ya hana. Ya yi dariya ya ce dokar ta waɗanda ba su kai ga ganewa ba ce, wanda ya san kome ɗaya ne ba ya tsoron abin da ke cikin kwano. Na haddace wannan magana kamar aya.

Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, a gaban iyayena ya dafa kafaɗata ya ce in biyo shi, akwai jami'a a garinsu Banaras, shi ne ubana a can. Jami'ar ta ba ni gurbi, amma da sharaɗi: ɗalibin waje da ba gwamnati ce ta turo shi ba, sai wani magidanci ɗan gari ya zo da ƙafarsa ya tsaya masa kafin a rufe rajista. Wannan bai dame mu ba, ai muna da mutum. Shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula ce, kowa a unguwa yana ji kamar ƙofofin duniya sun buɗe. Mama ta je har Tudun Wada wurin Malam Sule mai kilishi ta sa aka yi mata na musamman, aka naɗe a takardar siminti, ta ƙulle da sabon ɗankwali. Ta ce, “Hannu da hannu, ka ji? Ka gaishe shi well well.”

Daga ƙarshe na sami tashar da ta dace. Jirgin ƙasan nan ya cika har bakin ƙofa, kuma duk wanda ke cikin taragon aikinsa ɗaya, kallona. Wata mata ta miƙo hannu ta taɓa gashina ba ko sallama, ta juya ta ba 'yan uwanta rahoto. Na yi zaune a kan akwatina, ƙamshin kilishin yana tasowa ta ƙasa, yunwa tana cina, kewar gida kuma ta fi yunwar. Ban taɓa ko ɓalli ba, don ba nawa ba ne. Wata tsohuwa da ke gefe ta lura ban ci kome ba, ta zaro gurasarsu mai faɗi da ɗan mangwaro mai tsami da yaji ta ɗora mini a cinya. Na yi godiya da Turanci, ta kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka sanin e ce ko a'a. Har ta sauka ba mu fahimci kalmar juna ko ɗaya ba, amma duk lokacin da ta buɗe ƙunshinta sai ta raba da ni.

A Banaras mai keken haya ya bi da ni wasu lunguna da mutum biyu ba sa jerawa. Shanu ko'ina, wasu da furanni a wuya, mutane suna taɓa su suna shafa goshi. Na san za a ce ganin haka ya kamata ya ankarar da ni. To, na ga shanun. Amma shekaru na yi ina kallon mutumin nan yana tauna su a tsakar gidanmu, kuma shi da bakinsa ya ce mini dokar ba ta hau kansa ba. Wa zan yarda da shi, saniyar kan titi ko malamina?

Na tarar da gidan cike da baƙi, an yi shimfiɗa a tsakar gida, ga furanni ga kayan zaƙi a faranti. Ashe ranar ce dangin wanda zai auri 'yarsa suka zo ganin gida, ni ban sani ba. Da ƙyar na gane Malam. Ba wando ba taye, farin zane ya ɗaura, ƙirji a buɗe, da wani zare da ya ratso kafaɗarsa, goshi da zanen toka. Da ya gan ni fuskarsa ta ɗan motsa, amma ya ce mini barka da zuwa da Turanci, ya nuna mini bakin baranda. Na rusuna yadda aka koya mini, na isar da gaisuwar Baba da ta Mama da Hausa, da ƙarfi, don kowa ya ji irin zumuncin da ke tsakaninmu. A wurinmu ba a ɓoye tsaraba a miƙa ta a lungu, a gaban jama'a ake buɗewa don a girmama wanda ya aiko da wanda aka kawo wa. Na kwance ɗankwalin, na ware takardar, ƙamshi ya cika gidan.

Uban saurayin ya leƙo ya tambaya da Turanci mene ne wannan. Na amsa da alfahari na ce busasshen naman sa ne, wanda Malam ya fi so a duk abincin Kaduna.

Wata tsohuwa da ke kan kujera, mahaifiyar Malam, ta tambayi abin da na ce. Da aka fassara mata sai ta saki wata ƙara ta toshe hanci da mayafi. Baƙi suka miƙe suna ja da baya. Malam ya shiga magana da harshensu da sauri, yana nuna ni yana nuna kansa, yana haɗa tafin hannu a gaban uban saurayin. Ina tsugune ban san me ake ciki ba, sai saurayin, mai tabarau da Turanci mai kyau, ya dube ni da tausayi ya ce, “Ya ce kai ne mai share harabar makarantarsu, ya tausaya maka ne don kanka ba daidai yake ba. Ya ce bai taɓa sa ƙafa a gidanku ba.”

Na dubi Malam na ce, “Malam, ni ne fa, Ishaya. Mama ce ta aiko.”

Ya kalle ni ido cikin ido, ya ce da Turanci ba ya jin wannan yaren, in kwashe ƙazantata in fita.

Na naɗe kilishin. Da na kai ƙofa na waiwaya, na ga mata sun riga sun fara kwara ruwa a inda na tsuguna. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau da furfura a kaina ban manta ba.

Na kama ɗaki a wani masauki mai arha kusa da kogi, inda tsofaffi ke zama. Maƙwabcina wani dattijo ne da ake kira Baba Lal, tsohon shugaban wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, siriri kamar kara, yana jin Turanci. Matarsa ta rasu, ya raba wa 'ya'yansa abin da ya mallaka ya taho Banaras ya jira mutuwa, don a imaninsu wanda ya mutu a garin ba zai sake dawowa duniya a wani jiki ba. Shi ya ga ina zaune ina zare ido ya kawo mini shayi a ɗan kofin yumɓu. Na ba shi labarina. Sannan ya bayyana mini cewa Malam daga gidan malaman addini ya fito, idan ta tabbata ya ci naman sa to auren 'yarsa ya mutu, kuma ba mai sake cin abinci a gidansa. Ya kuma gaya mini matsayin mai shara a wurinsu, mutumin da ko inuwarsa wasu ba sa so ta taɓa su. A nan na gane ba ƙaryata ni kawai Malam ya yi ba, ya duba ƙasan tsani ne ya zaɓa mini matakin ƙarshe.

Na ce, “Baba, mutumin da ya ce mini ni da shi rai ɗaya ne?”

Ya ce, “Abin da ya koya maka gaskiya ne, ɗana. Shi ne bai iya ɗaukar ta ba.”

Na ce gaskiyar da ba za ta iya taka ƙafa zuwa ofishin rajista ba, me zan yi da ita? Ya yi dariya har ya sarƙe da tari.

Na koma gidan Malam ba sau ɗaya ba, ina cewa ko a ɓoye ne mu gana. Kullum ƙofa a rufe, sai a leƙo ta taga a kaɗa mini hannu. Tsakanin zuwa da zuwa ba ni da abin yi sai zama a matakalan bakin kogi tare da Baba Lal, inda ake ƙona gawa. Farkon gani na kawar da kai. Daga baya na saba, har na riƙa kallo da idon ɗalibi: itace da jiki suna zama zafi da hayaƙi da toka, babu abin da ya ɓata, kama kawai ya sauya, daidai yadda aka koya mini a aji. Lissafin ya fita sarai. Amma ga ɗan mamacin nan tsaye da kai a aske yana haɗiye kuka, lissafin bai ce masa kome ba, ni ma bai ce mini kome ba. Na tambayi Baba Lal idan kome ɗaya ne, wa ya ci amanar wa? Ya ce daga can sama babu mai ci babu wanda aka ci. Na ce ni a nan ƙasa nake zaune, kuma a nan ƙasa an ci tawa. Ya ce wannan ma gaskiya ce, shi ya sa ake ce wa mutum ya yi abin da ya hau kansa tukuna kafin ya yi maganar sama. Ban zama Bahinde ba, ban kuma koma yaron kwaya a wurin ba. Abin da na lura da shi kawai, da na so yin addu'a a bakin kogin nan, ban iya yi wa sararin cikin tulu ba. Wanda zan kai wa ƙara nake nema, sai na ji bakina yana yin irin addu'ar babana.

Da rufe rajista ya matso, Baba Lal ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki mai maɓallan ƙarfe, ya ɗauki sanda ya ce mu je shi zai tsaya mini. Tafiyar ta wahalar da shi, muna yi yana hutawa. A ofis ya miƙe ƙyam ya ce ni ɗansa ne. Ma'aikacin ya tambaye shi ina gidansa a garin. Ya ce ya bar gida, mutuwa ya zo jira. Ma'aikacin ya haɗa hannu ya gaishe shi da girmamawa, sannan ya ce doka magidanci ta ce. Muka dawo yana riƙe da hannuna kamar ni ne tsohon.

Ana gobe za a rufe, da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Malam Tiwari ne, ya sauke lema har ta rufe masa fuska. Ya shigo ya mayar da ƙofa ya sa sakata. Wallahi da na gan shi sai zuciyata ta yi sanyi, na manta da kome, na ce ashe dai uba uba ne. Na share masa bakin gado ya zauna.

Hausarsa ta dawo tsaf. “Ishaya, yaya Mama? Yaya Baba da aiki?”

Na ce suna lafiya. Na ce, “Malam, gobe ake rufewa.”

Ya ce ya sani. Ya ce in gane, ya shawo kan dangin saurayin da ƙyar, sun yarda ni mahaukaci ne, idan aka gan shi ya tsaya mini a jami'a maganar za ta tashi sabuwa. Sannan ya gyara zama ya ɗauko muryar nan tasa ta ranar Lahadi. Ya ce duniya wasa ce, mafarki ce, abin da ya faru a tsakar gidansa tamkar inuwa ce a kan ruwa, Ishaya na gaskiya ba a zage shi ba, ba a kore shi ba, ba ya bukatar jami'a. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Da a Television ne da na tafa masa.

Na ce, “To Ishaya na ƙarya fa, wanda babansa ya fita kunyar jama'a ya turo shi? Shi ya zai yi?”

Ya shiga shaƙar iska, idonsa yana yawo a ɗakin har ya tsaya a kan akwatina. Ya rage murya ya ce, “Akwai sauran abin nan?”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya sake cewa, “Kilishin. Ka zubar?”

Na tsaya ina kallonsa. Na so in ɗaga akwatin in rotsa masa a ka. Amma an ce mini hannu da hannu, kuma ni ba a aike ni in dawo da saƙo ba. Na ciro ƙunshin na sa masa a hannu. Ya juya wa taga baya ya fara ci, da sauri, yana yage shi da haƙori, garin ƙuli yana zuba a farin zanensa yana kakkaɓewa. Hawaye suka zubo masa. Kada wani ya ce mini nadama ce, na tsaya a kansa na gani, yaji ne. Bai ce mini bismilla ba, bai rage ko ɓalli ba. Da ya gama ya nemi sabulu ya wanke hannu har gwiwa, ya kurkure baki, ya ciro kanumfari daga ƙullin zanensa ya jefa a baki. Da shi ya zo, ke nan tun daga gida ya san abin da ya kawo shi.

A bakin ƙofa na yi ƙarfin hali na ce, “Malam, gobe?”

Ya ce, “Idan ka gan ni a hanya kada ka gaishe ni.” Ya buɗe lemarsa ya fita.

Duk da haka washegari na je ofishin na zauna a benci ina kallon ƙofa har aka tashi. Baba Lal ya raka ni tasha ranar da zan bar garin, ya dafa kaina ya yi mini addu'a da harshensu, ni ma na yi masa da nawa. Karatun Indiya ke nan, na koma gida da akwatin da na zo da shi. Daga baya na yi karatuna a nan ƙasar, na koyar da Fiziks har na yi ritaya, kuma duk shekara idan na zo kan darasin makamashi nakan koyar da shi da kyau, ba na ƙara masa kome.

Na iso Television da yamma. Baba yana kan kujerarsa, ya dube ni ya dubi akwatin, na ce masa sharaɗin jami'a ne bai cika ba. Ya ce, “To, sannu da hanya,” bai ƙara tambaya ba, ina jin ya karanta sauran a fuskata. Mama ta fito daga kicin tana goge hannu, ta rungume ni tana cewa na rame, ta ce karatu ai ba ya ƙarewa, wata shekara ma rana ce. Sannan ta ja ni gefe, fuskarta cike da ɗoki.

“Ka ba shi a hannunsa?”

Na ce, “A hannunsa, Mama.”

“Ya ci?”

“Ya cinye tas.”

Ta tafa hannu ta juya wurin Baba ta ce, “Ka ji ko? Ai na san bakinsa. Shi ya sa na ce wa Malam Sule ya ƙara masa yaji.”